Ƙugiyar Da Ta Fita Daga Bango

Efraín Bolio, Lisensiyado, wato mai digiri, ya ce shi kallo ɗaya yake yi wa namiji ya gane ko mai dukan mata ne. Ya ce a haɓa abin yake, da kuma yadda mutum yake ajiye hannuwansa in yana tsaye. Ya ce ba da ka yake magana ba, kwas ya yi na sati shida a kan halayyar ɗan Adam, ta waya, kuma shi ya zo na biyu.

Bai faɗi su nawa ne a ajin ba.

A tsakar gidan Doña Elsy yake wannan bayani, ran Litinin da hantsi. Rana ta riga ta fara gasa garinmu Tixkokob, shi kuma yana cikin kwat. Landy, autar gidan, tana zaune a kujerar roba ta danna ƙanƙara a idonta na hagu. Idon ya kumbura ya yi baƙi, girar ta tsage, ɗinki uku aka yi mata.

Ya durƙusa a gabanta ya kamo hannunta.

"Landy... ba laifinki ba ne."

"Sakar min hannu."

"Kin gani, Doña Elsy? Wannan shi muke kira matakin musu."

"Lisensiyado, hannuna."

"Bakinta yana cewa a sake ni, amma jikinta yana cewa..."

Ta fizge hannun da ƙarfi har ƙanƙarar ta faɗi ƙasa.

Shekara biyu da suka wuce ya nemi aurenta, ta ce a'a. Ya yi zuciya ya koma birnin Mérida, inda yake ɗaukar fayil daga wani tebur ya kai wani tebur, ko ɗaurin aurenta bai zo ba. Amma da labarin idon ya kai masa, motar farko ya biyo.

Mijin Landy kuwa Wilberth Dzul ne, birkila, ɗan Tekantó. Wata takwas ke nan da aka ɗaura musu auren ofis suka tare. Na coci saura sati uku, ran Asabar, ranar da ake ɗaura aure a coci. A garinmu na ofis aure ne, ba wanda ya ce ba aure ba ne, amma iyaye mata ba sa sakin ajiyar zuciya sai Fada ya sa albarka. An gama ɗinka riga. An yi wa alade biyu alƙawari.

Doña Elsy ta ja kujera ta zauna daf da 'yarta.

"Sake faɗa min. Me ya same ki?"

"Na faɗa miki, Mama. Ƙugiyar rataye ragar kwanciya ce ta fita daga bango."

Yayanta Gaspar, da ke jingine da bishiyar lemo, ya yi wata dariya mara daɗi.

"Ƙugiyar da birkila ya kafa a ɗakinsa da hannunsa! Rabin garin nan a kan ƙugiyarsa suke kwana, har da Don Chucho mai nauyin buhu uku. Ba ta fita a gidan kowa ba sai a fuskarki?"

"Yaya, fita ta yi."

"Shi kuma yana ina lokacin?" in ji Doña Elsy.

"Yana ɗakin."

"Yana me?"

Landy ta sunkuya ta ɗauki ƙanƙarar daga ƙasa.

"Maƙwabciyarku ta ce ta ji faɗuwa, ta ji yana ihun sunanki. Ta ce ba jiya aka fara ba, duk Lahadi bayan cin abinci tana jin wani abu kamar duka. Kuma kowa ya san waye ubansa."

"Mama, bai taɓa..."

"Yayata Ligia ƙofa ce ta dinga bugunta shekara goma sha ɗaya. Ranar da muka binne ta ma ƙofar ce." Muryar Doña Elsy ko rawa ba ta yi ba. "Ba zan binne ki saboda ƙugiya ba. An fasa biki. Kin dawo gida ke nan."

Efraín ya gyaɗa kai kamar shi ya koya mata.

"Kuma a karɓe wayarta. A ilimance, dole a yanke duk wata hanya."

Aka karɓe.

*

Gaskiya Landy ta faɗa. Ƙugiyar ce. Sai dai ba ragar kwanciya ce a rataye jikinta ba.

Wilberth ne.

Landy tana tsaye a bayan gida gaban sandunan saƙar raga, tana zura zare tana zarowa, abin yana ta dawo mata.

Ba a yi wata biyu da aurensu ba ta gane mijinta tsoron hannuwansa yake. In suka yi cacar baki, zama yake a kansu. Zama na gaske, ya cusa su ƙarƙashin cinya. In zai taɓa ta, kamar mai ɗaukar ƙwai. Tun ranar da ubansa ya fita bai dawo ba, shi ne mai yanke magana a gidansu: ƙanne huɗu, uwa mai ciwon ƙafa, ga leburori takwas a wurin aiki. Daga safe har yamma, Wilberth ya za a yi, Wilberth me ka ce.

Wata Lahadi tana son gwada wani sabon ƙulli, babu sanda a kusa.

"Ba ni hannunka, gajere."

Ya miƙa duka biyun. Ta ɗaure tana dariya. Da ta ɗago sai ta ga mutum ya lumshe ido, kafaɗunsa sun sauka, yana numfashi irin na wanda aka sauke wa buhun siminti daga ka.

"Kar ki kwance tukuna..."

Kwana uku suka yi ba sa iya haɗa ido.

A na huɗu suka zauna da rana tsaka, kowa da kayansa a jiki, kofi a gabansu, suka yi maganar kamar masu ƙulla cinikin fili. Ya faɗi abin da yake so, kansa a ƙasa. Ya faɗi abin da ba ya so: ban da fuska, ban da zagi, ban da ambaton ubansa. Ita ma ta faɗi abin da ba za ta iya ba. In yana so, zai ajiye curin jan zare a kan tebur. In ta ɗauka, to. In ta bar shi, babu fushi, babu tambaya. In ya ce "ya isa", to ya isa, ko da a tsakiyar kalma take. Ranar da suka yi faɗa kuma ba a yi, wannan dokarta ce.

Ta kitsa 'yar bulala da ragowar zaren auduga. Ƙararta ce maƙwabciya take ji.

In an gama ta kwance shi, ta haɗa masa ruwan lemo, ta shafa masa mai, ta tambaye shi ko akwai inda ta zarce. Sai ya yi barci a cinyarta, baki buɗe, abin da ba ya samu ko a daren sauran kwanaki.

Abin da ya fi yi mata nauyin faɗa, ko ga kanta, shi ne tana so. Auta ce, tun da ta iya tafiya ake aikenta. Sai ga namiji guda, mai kafaɗa kamar ƙofa, ta ce durƙusa ya durƙusa. Wani sa'in tana zaune a coci sai gabanta ya faɗi. Ta taɓa tambayarsa.

"Wilberth, anya ni ba muguwa ba ce?"

"Shekara goma sha huɗu na yi a gidan mugu, boshita. Ban taɓa jin ya yi wa kowa wannan tambayar ba." Boshita, wato 'yar baƙata, sunan soyayyar da yake kiranta ke nan.

Jiya Lahadi kuma igiyar audugar ta jiƙe a shanya. Ta yi ƙyuya, ta ɗauko ta nailan. Hannunta ya tafi da kansa ya yi ƙullin kan raga, wanda ba don a kwance ake yin sa ba. Hannuwansa a baya, igiyar a ƙugiya. Ya sakar mata nauyinsa, bangon kuma na tsohon gida ne...

Ƙara kawai ta ji.

Da ta farfaɗo, a durƙushe ta gan shi a kanta, yana kiran sunanta yana kuka. Jini na bin fuskarta, shi kuma ba hannun da zai tare mata. Yana ta fizga, nailan yana cin fatarsa. Da almakashi ta yanke shi. Kafin mutane su turo ƙofa ya zura riga mai dogon hannu.

Abu ɗaya ya ce.

"Ki rufa min asiri..."

To ga shi ta rufa. Sirrin na mutum biyu ne, rabi kawai ne nata, ba ta da ikon bayar da rabinsa.

*

Ran Talata Efraín ya dawo da furanni da wasu takardu masu hoton mace tana kuka a lungu. Ya tsaya a bayanta tana saƙa, turarensa ya kori na kajin gidan.

"Kin san matsalarki, Landy? Kina neman namiji mai iko, sai kika faɗa hannun mai ƙarfi. Da bambanci. Mace tana son a mallake ta, ko ta sani ko ba ta sani ba. Amma a ilimance."

"Kana tambayarta?"

"Wa?"

"Macen."

Ya yi murmushin tausayi.

"Ba a tambaya. Tambaya rauni ce. Namiji na gaske karantawa yake."

Ya ɗora hannu a ƙugunta.

Ba ta juyo ba. Allurar saƙar, ta katako mai tsawon kamu ɗaya, ta ɗan ja baya da ita daidai cikinsa.

"Karanta wannan."

Ya ja da baya yana gyara kwat.

"Fushi ma mataki ne. Ran Juma'a da la'asar zan kawo takardun ƙara, ki sa hannu kawai. Sauran ki bar min."

*

Ran Laraba Doña Elsy ta aike ta injin markaɗe, don ba mai zuwa. Tana fitowa da bokitin ƙullun masara a ƙugu ta gan shi a inuwar bangon baya, hularsa a hannu.

Gajere, mai faɗi, da fuskar nan tasa kamar ta jaririn da aka tasa daga barci. Leɓensa a fashe.

Ƙafafunta suka so kai ta da gudu. Ta hana su.

"Wa ya fasa maka baki?"

"Gaspar."

"Ka rama?"

Ya kalle ta kamar ta zage shi.

"Hannuna a aljihu suke." Ya matso, idonsa a kan ɗinkin. "Yana ciwo, boshita? Kina gani da shi?"

"Ina gani. Ina ganin mijina ya rame." Ta dire bokitin. "Mama ta aika wa Fada a soke ranar. Ya ce sai ya zo da kansa ran Juma'a ya ji daga bakinta."

"Na ji."

"To?"

Ya murza hular.

"Na yi tunani. Zan je in ba su haƙuri. In ce ni ne, tsautsayi ne, ba zan ƙara ba. Duk inda suka ce in je a yi min nasiha zan je. Wata biyu, wata uku, za su huce..."

"Za ka ce ka dake ni."

"Landy..."

"Za ka tsaya gaban uwata ka ce ka dake ni!"

"Ki rage murya, don Allah! Kin san garin nan. Namijin da ya daki matarsa, sati biyu ana gaishe shi a kasuwa. Namijin da matarsa ta ɗaure kuwa... har jikokina sai an yi musu waƙa. Wane lebura ne zai ƙara jin maganata?"

"Wato ka gwammace a ce kai ne ubanka da a ce kai ne..."

"Ya isa."

A hankali ya faɗa.

Bakinta ya rufe da kansa. Injin yana ta ruri a bayansu.

"Yi haƙuri," ta ce can. "Na taka doka."

Ya gyaɗa kai, idonsa ya cika.

"Ka saurare ni, raina. Ba zan faɗa ba. Ko Mama za ta dafa ni ba zan faɗa ba, sai in kai ka ce. Amma ba zan dawo a kan ƙarya ba. Ba zan sa farar riga in wuce gaban duk 'yan matan garin nan su ce, kun ga, an fasa mata ido ta haƙura ta koma. Mama ta binne yayarta a kan irin wannan haƙurin."

"To ya kike so in yi? Ki faɗa, zan yi."

Ta ɗauki bokitinta.

"A'a. Wannan karon ba zan ba ka umarni ba."

Sai da ta sha kwana ta jingina da bangon wani gida ta yi kukanta, da ido ɗaya da rabi.

*

Alhamis bai zo ba.

Landy ta saƙa layi shida ta warware biyar. Rigar bikin tana rataye a ɗakin Mama cikin leda, duk wucewar da za ta yi sai ta kawar da kai.

Juma'a da azahar tana kicin tana miƙa wa Mama curin ƙullu, suka ji muryar Gaspar a ƙofar gida.

"Ka ƙara taku ɗaya, na rantse da kabarin Baba sai na gyara maka ɗaya leɓen!"

Doña Elsy ta leƙa ta taga.

"Bar shi ya shigo. Ina so in ga da wace fuska zai kalle ni."

Wilberth ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofar kicin. Rigar zuwa coci ya sa, mai dogon hannu, gumi ya jiƙa bayanta.

"Mama, ina wuni."

"Ba ni na haife ka ba."

"Doña Elsy... magana ce. Daga ke sai Landy."

Ta yi wa Gaspar alama da haɓa, ya fita yana ƙunƙuni. Ta turo ƙofa.

"Ina ji."

Ya kalli Landy. Ita ba ta gyaɗa masa kai ba, ba ta girgiza ba.

Ya ɓalle maɓallin hannun rigar. Ɗaya. Biyu. Ya naɗe, ya miƙa hannuwan a saman tebur.

Fatar ta saluɓe zagaye da wuyan hannun biyu, ta fara ɓawo.

Shekara arba'in Doña Elsy tana saƙar raga. Ba ta buƙatar a yi mata bayani. Ta sunkuya, ta juya hannun, ta duba shatin.

"Wannan nailan ne."

"E."

"Ta baya aka ɗaure ka."

"E."

"Wa?"

Ya kafa wa tebur ido.

A hankali ta juyo.

"Landy Concepción Canché!"

"Mama, bari in..."

"Ɗan mutane? Ɗan mutane kike azabtarwa a ɗaki, ni ina nan ina tsine masa? Fita! Fita ki ba ni wuri! Ba a tambayar mutum gaban wanda ya ji masa ciwo!"

Landy ta fita. Ba ta yi nisa ba. Ta manne da bango a ƙarƙashin taga, inda tun tana ƙarama take jin duk abin da ba a so ta ji.

Ta ji an ja kujera.

"Zauna. Kalle ni. Kana tsoronta?"

"A'a."

"Na ce ka kalle ni, ba tukunya ba. In tsoronta kake, yau ɗin nan zan raba ku, ko da 'yata ce."

"Ba na tsoronta, Doña Elsy."

"Wa ya fara kawo wannan magana?"

"Ni."

"In ka ce ta bari?"

"Tana bari. Shekaranjiya ma a bakin inji, tsakiyar faɗa, ranta a ɓace, na ce ya isa... ta yi shiru."

"Landy? Ta yi shiru?"

"Tsit."

"Ni shekara ashirin da huɗu ban samu wannan ba." Kujera ta yi ƙara. "In ranar ba ka so fa?"

"Sai ba a yi."

"In ita ba ta so?"

"Haka."

"Ta taɓa goranta maka? Ta taɓa cewa za ta tona in ba ka yi mata kaza ba?"

"Kwana biyar tana ji ana kirana mugu, aurenta yana rushewa, ba ta tona ba."

Da Doña Elsy ta sake magana, muryar ta sauka.

"To me ya sa, ɗan nan? Namiji kamarka..."

Ta ji ya ja dogon numfashi.

"Hannun Babana gare ni. Kowa yana faɗa, har tafin. Tun ina yaro nake gadinsu, ko a barci. In suna ɗaure... shi ne kawai lokacin da na tabbata ba za su cuci kowa ba. Ba mai tambayata ya za a yi. Sai in huta." Muryarsa ta karye. "Ciwon nan ba ita ta ji min ba. Ni na ji wa kaina, ina son in kai gare ta, tana kwance jini yana zuba, na kasa..."

Landy ta toshe baki da tafin hannu. Ƙaurin tortiya, wainar masarar da ta ƙone, ya biyo ta taga, ba wanda ya kula.

"Ligia ta ce bari har muryarta ta dushe," in ji Doña Elsy, kamar da kanta take. "Ko sau ɗaya bai bari ba."

Aka buga tagar.

"Ke mai laɓe! Shigo."

Ta shiga. Mama tana kankare kasko, ta ba su baya.

"Ban gane ba. Kuma kar wanda ya yi ƙoƙarin ganar da ni, na tsufa. Na yi tambaya, an ba ni amsa, amsar ta zauna min." Ta juyo da wuƙar a hannu ta nuna Landy. "Amma ke. Wane ƙulli kika yi?"

"Na... na kan raga."

"Na kan raga! A jikin ɗan Adam! Da nailan! Ni na koya miki haka? Mutum ya ba ki hannunsa amana, ke kika yi masa ƙullin da sai almakashi? Da ba ki farfaɗo ba fa? Da wuta ce ta tashi?"

"Laifina ne, Mama." Hawaye suka ɓalle mata. Ta juya wurinsa. "Laifina ne, Wilberth. Na yi ƙyuya. Ka yafe min..."

"Boshita, ni na..."

"Kai ma ina zuwa kanka."

Doña Elsy ta zaro wani guntun zaren auduga daga aljihun rigarta, ta zagaya ƙafar tebur da shi, yatsunta suka yi wani abu sau biyu. Ta bar bakin zaren yana reto.

"Ja."

Landy ta ja. Ƙullin ya zube gaba ɗaya.

"Na ɗaure akuya ne, kakarki ta koya min. Bakin zaren a hannun wanda aka ɗaure ake barinsa... wato kusa da akuyar. Ban san me za ki yi da shi ba, ban kuma tambaya ba." Ta juya. "Kai kuma birkila. Ƙugiya a tsohon bango, ba rodi a ciki?"

Wilberth ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji.

"A duk abin nan, Mama, wannan ya fi ci min rai."

Wannan karon ba ta ce ba ita ta haife shi ba.

"Sauke hannun rigarka. Gobe zan je in ga ramin da idona, in kira maƙwabciyar taku ta gani, tunda tana son gani. Ƙugiya ce ta fita, magana ta ƙare. Wanda bai yarda ba ya zo ya same ni. Gaspar kuma zai ba ka haƙuri, ko in fasa masa nasa bakin."

Ta ɗauki kwanon ƙonanniyar tortiya ta fita ba wa kaji, ta jawo musu ƙofa.

Suka tsaya suna kallon juna.

"Ka zo," in ji Landy.

"Sau uku na zo jiya. A kwanar kantin magani nake juyawa."

"Matsoraci..."

"Naki ne."

Ta miƙa hannu, ta tsaya bai kai gare shi ba.

"In taɓa?"

Ya yi dariya yana kuka. Shi ya ɗora mata hannuwan a tafinta, ta sumbaci ɓawon ciwon ɗaya bayan ɗaya, ta kwantar da lafiyayyen gefen fuskarta a ƙirjinsa. Rabonta da numfashi har ƙasan ciki tun ran Lahadi.

"Raina..."

"Na'am, boshita."

"Ka ci abinci kuwa?"

"Tun Talata."

"Zauna. Wannan umarni ne."

*

La'asar ta yi, tsakar gida ya yi sanyi. Gaspar ya ba da haƙuri yana kallon bishiyar lemo. Wilberth ya ci miyar lemon tsami kwano biyu, yanzu yana zaune a 'yar kujerar tsuguno, ya ware hannuwa, Doña Elsy ta rataya masa zare tana naɗewa. Fada Rutilio, wanda aka turo mana daga arewa wata biyu da suka wuce, ya zo a keke cikin singileti da wando saboda zafi. Dogo ne, ɗan makiyaya, da muƙamuƙi kamar garma. An gaya masa biki yana nan. Ya tsaya a tsakiyar gidan, hannuwa a baya, yana jiran a kawo masa ruwa.

Sai ga kwat.

Efraín ya shigo da fayil a hammata. Ya ja birki. Ya kalli dogon mutumin daga sama har ƙasa, fuskarsa ta yi haske irin ta wanda jarrabawa ta zo masa daidai inda ya karanta.

"Ashe ka iya zuwa."

Fada ya waiga bayansa ya ga ba kowa.

"Ni?"

"Kai. Kar ka yi magana, jikinka ya riga ya yi." Ya fara zagaya shi a hankali. "Jama'a, ku duba haɓar nan. Ku duba yadda ya ɓoye hannuwa a baya. Me yake ɓoyewa? Littafi ne a buɗe! Landy, kar ki ji tsoro, ina nan. Ko a cikin mutum dubu aka sa min shi, kallo ɗaya zan ware shi. Ka faɗa musu, mata nawa ka sa kuka?"

Landy tana tsaye da kofin ruwa a hannu. Sai a lokacin ta tuna Efraín bai taɓa ganin mijinta ba.

Fada ya yi ɗan tunani.

"Gaskiya da yawa. Yawanci ran Asabar."

"Kun ji! Da bakinsa!"

Doña Elsy ko kai ba ta ɗaga daga zarenta ba.

"Lisensiyado, wannan Fada ne. Surukina ga shi nan yana riƙe min zare."